Reza da Magogi a Makarantar Parks: Wa Makin Jarrabawa Yake Aunawa?

Wata rana a shekarar 2006, ana dab da jarrabawar ƙarshen shekara, wani malamin lissafi ya shiga ɗakin da ake ajiye takardun jarrabawa a makarantar Parks da ke birnin Atlanta, a jihar Jojiya ta Amurka. Takardun na naɗe cikin leda, an liƙe su tam. Ya zaro reza ya tsaga ledar a hankali, ya zare takardun tambayoyi, ya kai su injin kwafi ya ɗauki hotonsu, ya dawo da su inda suke. Sannan ya kunna laita ya gasa ledar har ta narke ta koma ta liƙe, kamar hannu bai taɓa ta ba.

Duk wanda ya ji wannan zai ce an samu baragurbi a cikin malamai. Amma yadda 'yar jarida Rachel Aviv ta bayar da labarin a mujallar The New Yorker a 2014, wannan malami yana cikin waɗanda suka fi kowa sadaukar da kai a makarantar. Shi ke horar da yara ƙwallo, shi ke zama da su wasan dara irin ta Turawa, har yakan ce wa ɗaliban da ba su da mai yi musu wanki su zuba kayansu a bayan a-kori-kurarsa ya je ya wanke musu. Tsoro ne ya kai hannunsa ga reza. Makarantar ta yi shekaru a jere tana kasa cim ma makin da doka ta gindaya, kuma in ta sake faɗuwa ana iya rufe ta ko a watsa malamanta, yaran da ya sani gida-gida su tarwatse. Laifi dai ya yi, babu mai wanke shi. Shi da kansa ya amsa daga baya, ya kuma rasa aikinsa. Sai dai akwai tambayar da ta fi laifinsa nauyi: yaya aka yi lamba guda a kan takarda ta samu wuƙa da nama a kan makomar makaranta sukutum, kuma me ainihin wannan lamba take aunawa?

Parks makarantar midil ce ta gwamnati. Dattawan Arewa sun san wannan suna, domin a zamanin Turawa daga elementare sai midil. A Amurka ta yau midil na nufin aji shida zuwa aji takwas, yara 'yan shekara 11 zuwa 14, wato kusan abin da ake kira ƙaramar sakandare a Najeriya. Shekaru ne masu wuyar sha'ani. Murya na fashewa, jiki na canzawa, yaro ya fita daga hannun malami ɗaya da ya san halinsa ya faɗa hannun malamai shida ko bakwai. Lissafi ya tashi daga tarawa da ɗebewa ya koma aljabara. Karatu ya tashi daga haɗa baƙi ya koma buɗe littafin kimiyya a karanta a gane. Duk ɗan giɓin da yaro ya taho da shi daga firamare, a nan yake buɗewa ya zama rami.

Yaran Parks kuwa da giɓi mai faɗi suke zuwa. Makarantar na cikin unguwar Pittsburgh, kudu da tsakiyar Atlanta, unguwar da baƙaƙen fata da suka fito daga bauta suka kafa a 1883 a gefen garejin gyaran jiragen ƙasa. Hayaƙin garejin ne ya sa aka raɗa mata sunan garin ƙarafan nan na jihar Pennsylvania. Zuwa farkon wannan ƙarni unguwar ta tsiyace, gidaje da yawa sun zama kango. A lokacin, ɗaliban makarantar kusan dukkansu baƙar fata ne, kuma mafi yawansu suna cin abincin rana kyauta ko a kan rangwame.

Wannan batu na abinci yana buƙatar ɗan bayani, don shi ne ma'aunin talauci da aka fi amfani da shi a makarantun Amurka. Tun 1946 Shugaba Truman ya sa hannu a dokar ciyar da ɗalibai. Gidan da abin da ke shigo masa bai wuce kashi 130 cikin 100 na mizanin talauci na ƙasa ba, ɗansa zai ci kyauta. Wanda bai wuce kashi 185 ba zai biya kaɗan. Saboda haka da an ce kashi kaza na ɗaliban makaranta suna kan tsarin abincin kyauta, an gama faɗin halin aljihun iyayensu. A faɗin ƙasar, kusan rabin ɗaliban makarantun gwamnati suna cikin wannan rukuni. Tun 2014 Turawa farar fata ba su kai rabin ɗaliban makarantun gwamnati ba, kuma kimanin ɗalibi ɗaya cikin goma yana kan koyon Ingilishi ne domin wani harshen ake yi a gidansu.

Duk waɗannan alƙaluma a buɗe suke. Uban da ke neman gidan haya a wata unguwa zai iya shiga intanet ya duba midil ɗin unguwar: ɗalibai nawa ne, nawa ne baƙar fata, nawa ne 'yan asalin Latin Amurka, nawa ke cin abincin kyauta, nawa ke da naƙasa, nawa suka haye jarrabawar lissafi a aji takwas. Dokar da ta tsaurara wannan ita ce wadda Shugaba George W. Bush ya sa wa hannu a ranar 8 ga Janairun 2002, mai sunan da ke nufin kada a bar yaro ko ɗaya a baya. Ta wajabta wa kowace jiha ta jarraba yara a karatu da lissafi duk shekara daga aji uku zuwa aji takwas, kuma ta fitar da sakamakon rukuni-rukuni: na talakawa daban, na kowane jinsi daban, na masu naƙasa daban, na masu koyon Ingilishi daban.

A yi wa dokar adalci, wannan ɓangaren nata alheri ne babba. Kafin ita, makaranta na iya ɓuya a bayan matsakaicin maki. In 'ya'yan likitoci da lauyoyi sun ci da kyau, sai makinsu ya rufe asirin makarantar, alhali 'ya'yan masu shara da direbobi da ke zaune a aji ɗaya da su suna fita ba su iya karanta takardar magani ba. Da aka raba sakamakon, babu sauran wurin ɓuya. Ƙungiyoyin kare haƙƙin baƙar fata da dama sun goyi bayan dokar saboda wannan dalili, kuma suna da gaskiya. Yaron da ba a ƙirga shi ba, ba a neman haƙƙinsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne abin da dokar ta ɗora a kan alƙaluman. Ta ce zuwa 2014 dole kowane yaro, kashi 100 cikin 100, ya kai matakin ƙwarewa. Makarantar da ta kasa matsawa zuwa wannan buri shekara bayan shekara za ta fuskanci hukunci mataki-mataki, har ya kai ga sauya malamai da shugabanni, ko miƙa ta ga wasu, ko rufe ta. Kuma abin da ake dubawa shi ne yara nawa suka tsallake layin da aka shata, ba tare da kula da inda kowane yaro ya taso ba. A ɗauki yarinyar da ta shigo aji shida tana karatu irin na 'yan aji uku. Malamarta ta duƙufa a kanta, cikin shekara guda ta ɗaga ta zuwa matakin aji biyar. Aikin shekara biyu ke nan a cikin ɗaya, aikin da ya cancanci kyauta. A takardar gwamnati kuwa yarinyar ta faɗi, malamar ta gaza. A can wata unguwar ta masu hali, yaron da ya shigo aji shida yana karatu irin na 'yan aji takwas zai haye ko da malaminsa ya kwashe shekarar yana gyangyaɗi, a kuma yaba wa makarantar.

Wannan ba sabon ilimi ba ne a Amurka. Dokar 'yancin jama'a ta 1964 ta umarci a binciki yadda ake raba damar ilimi tsakanin jinsuna, aka ɗora aikin a kan James Coleman, masanin zamantakewa a Jami'ar Johns Hopkins. Shi da abokan aikinsa suka tattara bayanan ɗalibai sama da 600,000 a makarantu kusan 4,000, suka fitar da rahoto a watan Yulin 1966. An zaci za su gano cewa bambancin gine-gine da littattafai da kuɗin da ake kashewa ne ke raba makin baƙar fata da na farar fata. Abin da suka gano ya girgiza kowa: gidan da yaro ya fito, wato ilimin iyayensa da wadatarsu, ya fi duk waɗannan tasiri a kan makinsa. Suka kuma gano cewa abokan zaman yaro a aji suna da tasiri, ɗan talaka ya fi koyo in yana tare da 'ya'yan masu hali fiye da in an tara shi da 'yan'uwansa talakawa zalla. An shafe shekaru ana jayayya a kan hanyoyin lissafin Coleman, an kuma gyara masa abubuwa, musamman a kan amfanin kuɗi, wanda bincike na baya-bayan nan ya nuna yana da tasiri in an kashe shi inda ya dace. Amma ginshiƙin maganarsa har yau yana tsaye.

Akwai masu ɗaukar wannan su mai da shi hujjar cewa ɗan talaka daƙiƙi ne a halitta. Wannan zalunci ne, kuma rahoton bai faɗi haka ba. Abin da ke raba yaran a fili yake: wani ya karya kumallo wani bai karya ba, wani yana da ɗakin da zai yi aikin gida wani kuma an tashe su daga haya sau biyu a zango ɗaya, wani uwarsa ta karanta masa littafi tun yana goye wani kuma uwar tana aiki biyu don a ci abinci, wani an yi masa tabarau wani yana kallon allo dishi-dishi ba wanda ya sani. Makin jarrabawa yana kwashe duk waɗannan ya dunƙule su wuri ɗaya, sai a rubuta sunan makaranta a kansa.

Tsarin ƙasar kuma ya ƙara wa Borno dawaki. Gwamnatin tarayya kimanin kashi ɗaya cikin goma kawai take bayarwa na kuɗin makarantu, sauran daga jiha ne da kuma gunduma, ita kuwa gunduma da harajin gidaje ta dogara. Unguwa mai gidaje masu tsada tana tara kuɗi cikin sauƙi, unguwar kangaye kuwa sai ta matse talakawanta kuma ba ta tara abin kirki ba. Iyayen gundumar Edgewood a San Antonio sun kai ƙara kan wannan, amma a 1973 Kotun Ƙoli ta ce tsarin bai saɓa wa kundin mulkin tarayya ba. A 1974, a shari'ar birnin Detroit, kotun ta hana a tilasta haɗa yaran cikin birni da na unguwannin bayan gari sai in an tabbatar waɗancan gundumomi na da hannu a wariyar. Shekara 20 ke nan bayan hukuncin 1954 da ya haramta raba makarantu bisa launin fata. Wariyar da aka kora ta ƙofar doka ta dawo ta tagar adireshi.

A cikin wannan yanayi ne Beverly Hall ta karɓi shugabancin makarantun Atlanta a 1999. Ta gindaya wa kowace makaranta buri nata na musamman, sau da yawa sama da na dokar tarayya, kuma an san shugaban makarantar da ya kasa cim masa cikin shekara uku zai iya rasa kujerarsa. A zamaninta, duk shekara akan tara ma'aikata a katafaren filin wasa na Georgia Dome. Makarantun da suka cika buri a zaunar da su ƙasa a tsakiyar fili kusa da shugaba, waɗanda suka gaza a tura su benci can sama, kowa na kallon kowa. Ita kanta ta karɓi kyautar kuɗi sama da dala 500,000 saboda hauhawar maki, kuma a 2009 aka zaɓe ta gwarzuwar shugabannin makarantu ta ƙasa baki ɗaya.

A Parks, cikin shekara ɗaya, 'yan aji takwas da suka haye lissafi suka tashi daga kashi 24 zuwa kashi 86. A karatu suka tashi daga kashi 35 zuwa 78. Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san irin wannan tsalle ba ya faruwa. Maimakon a zo a bincika, sai aka zo da kyaututtuka da masu ɗaukar hoto, aka riƙa nuna makarantar a matsayin shaidar cewa talauci ba uzuri ba ne. Da aka ci wannan shekarar kuma sai buri ya ƙara hawa, ƙaryar bana ta zama bashin baɗi. Leƙen tambayoyi ya daina isa. Sai ya zama a makon jarrabawa shugaban makaranta ya ja jami'in da ke kula da takardu zuwa cin abinci a cikin gari, su daɗe, malamai kuma su shiga ɗakin da fensir da magogi, su goge amsar da yaro ya cike ba daidai ba, su cike ta daidai.

Jaridar Atlanta Journal-Constitution ce ta fara ɗaga yatsa a ƙarshen 2008, da ta lissafa ta ga wasu makarantu sun yi hawan da hankali ba zai ɗauka ba. Daga nan jihar ta sa aka bi takardun 2009 da na'ura. Injin da ke duba irin waɗannan takardu yana iya ganin tabon da magogi ya bari, ya ƙirga sau nawa aka goge kuskure aka mai da shi daidai. Yaro kan yi haka sau ɗaya ko biyu a takarda. A Parks, kusan aji tara cikin goma sun nuna gogewar da ta wuce ƙima. Gwamna Sonny Perdue ya naɗa masu bincike na musamman a 2010, rahotonsu ya fito a Yulin 2011: an yi maguɗi a makarantu 44 cikin 56 da aka bincika, ma'aikata 178 ke da hannu, 38 daga cikinsu shugabannin makarantu ne, 82 sun amsa laifi. A 2013 aka gurfanar da mutum 35 a ƙarƙashin dokar da aka tanada don ƙungiyoyin 'yan ta'adi masu haɗa baki. Da yawa sun amsa laifi don a sassauta musu. Beverly Hall ta musanta cewa ta san da maguɗin, kuma ciwon daji ya yi ajalinta a watan Maris na 2015 ba a kai ga yi mata shari'a ba. A ranar 1 ga Afrilun wannan shekara aka samu 11 cikin 12 da suka rage da laifi, aka fita da malamai daga kotu da ankwa a hannu.

Waɗanda suka fi kowa asara ba su tsaya a gaban alƙali ba. Yaron da aka gyara wa takarda ya zama a rubuce ya ƙware, don haka ba a sa shi a ajin ƙarin taimako da ya cancanta ba. Aka tura shi babbar sakandare da shaidar ƙarya a hannu, can ya je ya tarar da littafin da ba zai iya karantawa ba, ba kuma wanda zai gane dalili tunda fayil ɗinsa ya ce lafiya lau. Makarantar Parks ɗin ma ba ta tsira ba, daga baya aka haɗe ta da wata midil, Sylvan Hills. Abin da malamin lissafi ya ji tsoro har ya ɗauki reza, shi ɗin dai ya faru.

Wani abin takaici kuma shi ne, a waɗannan shekarun yaran Atlanta suna ci gaba da gaske. Akwai jarrabawar ƙasa da gwamnatin tarayya ke yi wa samfurin ɗalibai, wadda mutanen waje ke gudanarwa, malaman makaranta ba sa taɓa takardunta, ba a kuma korar kowa ko ba shi kyauta a kanta. A wannan jarrabawa makin Atlanta ya hau sosai a tsawon shekarun. Ke nan akwai aiki na gaskiya da ake yi a azuzuwa, yana tafiya da saurin da ilimi ke tafiya. Masu burin ne suka ce ba za su jira ba. Tun a shekarun 1970 masanin zamantakewa Donald Campbell ya yi gargaɗin cewa duk ma'aunin da aka rataya wa hukunci mai nauyi, mutane za su koma bauta wa ma'aunin su lalata abin da ake son aunawa. A Disamban 2015 Shugaba Obama ya sa hannu a sabuwar doka da ta maye gurbin ta Bush. Ta bar jarrabawar shekara-shekara da raba sakamako rukuni-rukuni, ta soke burin kashi 100, ta mai da wa jihohi ikon tsara yadda za su bi da makarantun da ke baya.

To, in makin makaranta hoton unguwarta ne, ta yaya za a gane makarantar kirki? Amsa mafi gamsarwa ta fito daga Sean Reardon na Jami'ar Stanford, wanda ya tattara sakamakon jarrabawar kusan dukkan gundumomin ƙasar. A 2016 bayanansa suka nuna 'yan aji shida a gundumomi mafi arziki sun riga na gundumomi mafi talauci da kimanin karatun shekara huɗu. Wannan maganar Coleman ce ta dawo da sababbin alƙaluma. Amma da Reardon ya canza tambayar, ya bi yara daga aji uku zuwa aji takwas ya ga nawa suka ƙaru, sai hoton ya juye. Dangantakar ƙaruwa da arzikin gunduma 'yar kaɗan ce. Birnin Chicago, wanda mafi yawan ɗalibansa talakawa ne baƙar fata da 'yan asalin Latin Amurka, kuma aka daɗe ana yi wa makarantunsa kallon banza, yaransa sun yi karatun shekara shida cikin shekara biyar, sun zarce mafi yawan gundumomin ƙasar har da na masu kuɗi. Da maki kawai aka duba, da an ce a rufe makarantun da ya kamata a je a koyi sirrinsu.

Akwai kuma shaida daga gundumar Montgomery ta jihar Maryland, inda ake warwatsa gidajen gwamnati a unguwanni daban-daban a raba wa talakawa ba tare da zaɓi ba. Wata mai bincike, Heather Schwartz, ta bi yara kimanin 850 daga irin waɗannan gidaje ta wallafa sakamakon a 2010. Waɗanda rabo ya kai su makarantun da talakawa ba su yi yawa ba sun fi takwarorinsu ci gaba, musamman a lissafi, duk da cewa gundumar na zuba ƙarin kuɗi a makarantun unguwannin talakawa.

Mai karatu a Kano ko Gusau ko Damaturu ba ya buƙatar a fassara masa wannan labari. A 2013 jaridu sun buga makin shiga makarantun haɗin kan ƙasa na gwamnatin tarayya jiha-jiha, wato makin da ke kai yaro aji ɗaya na ƙaramar sakandare. An nemi 139 daga ɗan Anambra, an nemi 2 daga yaro namiji ɗan Yobe. Aka yi ta yawo da jadawalin ana gori, kamar an auna ƙwaƙwalwar yaran ne. A wannan shekarar ce aka kashe ɗalibai a makarantar Mamudo da kwalejin noma ta Gujba, a farkon 2014 kuma aka afka wa kwalejin tarayya ta Buni Yadi, dukkansu a jihar Yoben. Jadawalin ya auna firamaren da babu malami, da garin da aka gudu aka bari, da shekarun da aka yi ana sakaci. Ya kamata ya hana shugabannin Arewa barci. Yaran kuwa ba su da abin kunya a ciki.

Tun 1999 aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ce shekara tara na farko, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole. A leƙa aji ɗaya a irin waɗannan makarantu a unguwannin talakawa. Ga yarinyar da sai ta sayar da farantin tallarta kafin ta sa hijabin makaranta. Ga yaron da ya yi shekaru a tsangaya, yana da hadda mai ƙarfi da ƙwaƙwalwa kamar maganaɗisu, amma bai daɗe da fara ganin baƙin boko ba. Ga waɗanda 'yan bindiga suka taso ƙauyensu, suna raɓe a gidan dangi. Ga mai jin Fulatanci ko Barbarci a gida, Hausa a titi, littafinsa kuma da Ingilishi. Ciyarwar da gwamnatin tarayya ta fara a 2016 a aji ɗaya zuwa uku na firamare ta tsaya, ba ta iso nan ba. Malami ɗaya ne a gabansu, wani lokaci su fi ɗari, wasu a ƙasa. Bayan shekara uku za su zauna jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, a kwatanta sakamakonsu da na makarantar kuɗi da ke zaɓar ɗalibanta da jarrabawar shiga, a ce malaman gwamnati ba sa aiki.

Wasu ba sa aikin, wannan gaskiya ne, kuma iyaye sun san su. Matsalar ita ce babu wata takarda da ke raba mai aiki da mai zaman kashe wando. Jihohi na yin ƙidayar makarantu duk shekara, suna ƙirga ɗalibai maza da mata, da malamai, da azuzuwa, da banɗakuna. Ba a saba ganin an haɗa wannan da abin da yaran suka iya ba, balle a buga shi makaranta-makaranta inda uba zai gani. Amurka ta auna ta yi hukunci da ma'aunin da bai dace ba. A nan ba a auna ba tukuna, amma reza da magogi sun riga sun iso ta wata hanyar: cibiyoyin jarrabawa da ake yi wa laƙabi da mirakul, da amsar da ake rubutawa a allo, da dubban sakamakon da hukumomin WAEC da NECO ke riƙewa duk shekara saboda zargin satar amsa. Duk inda takarda ta fi ilimi daraja, za a samu mai sayar da takardar.

Abin da ake buƙata ba shi da tsada. Hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi da ma'aikatun ilimi su gwada kowane yaro a makonsa na farko a ƙaramar sakandare: zai iya karanta sakin layi na Hausa ya faɗi abin da ya gane? Na Ingilishi fa? Zai iya rabawa da ninkawa? A rubuta tare da 'yan bayanai game da shi, namiji ne ko mace, wane harshe ake yi a gida, maraya ne, ɗan gudun hijira ne, tafiyar minti nawa yake yi kafin ya iso. A sake gwada shi a ƙarshen kowace shekara, malaman wata makarantar su duba takardun. A liƙa sakamakon a ƙofar makaranta, a karanta shi a taron iyaye da malamai da na kwamitin kula da makaranta. Inda yara suka shigo a baya, can za a fara kai ƙwararrun malamai da littattafai da abinci. Inda suka ƙaru sosai, a kira malaman da sunansu a karrama su ko da makinsu bai kai na makarantun cikin gari ba. Inda shekara uku ta wuce babu motsi, a tura masu duba makarantu su zauna a aji su ga dalili da idonsu kafin a taɓa albashin kowa.

Kwamishinonin ilimi na jihohin Arewa suna da ikon fara wannan a zangon karatu mai zuwa, ba sai sun jira Abuja ba. Iyaye kuma, in an kira taro na gaba a makarantar 'ya'yanku, ku je, ku tambayi shugaban makaranta yara nawa ne suka shigo aji ɗaya ba su iya karatu ba, kuma nawa ne daga cikinsu suka iya yanzu.